Masu Kwamfuta da Fankokinsu, Daga Gyaɗi-Gyaɗi Zuwa Farm Centre

Da zarar watan Afrilu ya kama a Kano, zafi ya haura digiri 40, kowa da abin da yake kuka da shi. Mai shayi na kukan ciniki ya ja baya, magidanci na kukan kuɗin ƙanƙara, ita kuwa laftof kukanta da murya take yi. Duk wanda ya zauna a shagon buga takardu a Court Road, ko ya ratsa kasuwar waya ta Farm Centre a Tarauni da azahar, ya san wannan fuuuu ɗin da ba ya yankewa. 'Yar siririyar fanka ce a ciki, an ɗora mata aikin da ya fi ƙarfinta.

Kafin a zage ta, a ji uzurinta. Fankar da aka saba sa wa kwamfutar tebur faɗinta milimita 120 ne, kaurinta 25. Siririyar irinta kaurinta 15 ne, ta cikin laftof kuwa ta fi haka sirantaka nesa ba kusa ba. Idan fukafukai suka ƙanƙance, iskar da suke ɗebowa a juyi guda ta ragu, sai fanka ta rama da gudu, gudu kuma shi ne uban ƙara. In aka ninka gudun fanka, ƙararta na ƙaruwa da wajen desibel 15, alhali ƙarin 10 kawai ya isa kunne ya ji an ninka masa. Sannan fanka ba ta ƙera sanyi, iskar ɗakin da ta tarar ita take turawa. Kamfanin Apple ya rubuta cewa a yi aiki da laftof ɗinsa inda zafi ke tsakanin digiri 10 da 35. Mu nan a bazara, ranar da aka samu 35 cewa ake yi yau gari da sauƙi.

To, ga mutanen da wannan baiwar Allah ke yi wa hidima.

Na farko Sarkin Katifa. Ya dawo daga makaranta, ya haye gado, ya dasa laftof a tsakiyar bargo, ya kunna fim ɗin Indiya na fassara. Kafofin da iska ke shiga a ƙasan na'urar suke, bargo ya toshe su ruf. Fanka na ihun neman agaji, shi kuma yana ƙara sautin fim don kada ta dame shi. Gobe za ka gan shi a majalisa yana rantsuwa: "Wallahi 'yan kasuwar nan ba sa tsoron Allah, mai ciwo suka sayar min." Yana da ƙanwa, ita a kan filo take ɗora tata, wai don kada ta ƙona mata cinya.

Sai Mai Kunne. Gidansu na bakin titin Zariya, ba nisa da gadar Dangi. Tirela na wucewa, 'yan adaidaita sahu na danna oda, janaretan maƙwabci na ruri, mai maganin basir ya saki lasifika, duk wannan bai taɓa hana shi barcin rana ba. Amma fankar laftof ta ɗan ɗaga murya, sai ya miƙe zaune. Har manhajar auna ƙara ya sauke a waya, yana kara ta a jikin na'urar yana girgiza kai. Ni dai ina ba shi rabin gaskiya. Ƙarar ƙaramar fanka siririya ce mai tsini, kuma tashi take tana sauka, kunne kuwa ya fi saurin sabawa da rurin da ba ya canzawa. Rabin da ban ba shi ba shi ne na zuwa ya tsare mai shago yana neman laftof siririya, mai ƙarfi, mara ƙara, mai araha. Ukun farko ma da ƙyar suke haɗuwa a jiki ɗaya.

Wanda zai karɓe shi a can shi ne Injiniya. Ko me ka kawo, kafin ka gama sallama ya gano cutar: "Oga, fanka ce." Allo ya fashe, fanka ce. Ba ta kama intanet, fanka ce. Makaminsa bulowa, yana saita ta a kafar iska ya sake ta, ƙurar hunturun bara da ta bana ta turnuƙe layin, maƙwabta na tari suna yi masa sannu da aiki. Fankar kuwa tana can ciki tana juyin da ba a ƙera ta dominsa ba, in an yi rashin sa'a ta fito da sabon gurnani. Amma kada a yi wa masu sana'a kuɗin goro. A cikinsu akwai gwani na gaske, wanda zai kwance bayan na'urar, ya dafe fukafukan kafin ya hura, ya sa tsinke ya zaro dunƙulen ƙura da gashi da ya like tsakanin fanka da haƙoran jan ƙarfe kamar audugar tsohuwar katifa, ya goge busasshen man da ke kan furosesa ya shafa sabo. Wannan in ya ce "Alhaji, a ƙara wani abu," a ƙara masa, ya ci halak.

Farfesa shi ba ya zuwa wajen kowa. Da hannunsa ya haɗa kwamfutar tebur a ɗan mitsitsin akwati, ya yi odar siririyar fankar Noctua, ta kamfanin nan na ƙasar Ostiriya mai launin ƙasa-ƙasa, da kuɗin da ya isa a sayi fankar tsaye. A wajen mai shayi ba a isa a yi hirar ƙwallo ba, sai ya kawo zancen juyi nawa take yi a minti da yawan iskar da take turawa ta cikin raga. Duk abin da ya faɗa daidai ne, abin haushin ke nan. Sai dai kwamfutar tebur ba ta da batir. Ana ɗauke wuta, ga Farfesa a ƙofar gida da singileti yana fifita da kwali.

Akwai Boka. Shi leda biyu ta fiya-wata mai sanyi yake shimfiɗawa a ƙarƙashin laftof, in abin ya yi tsanani ya sa ta a firij ta ɗan huta. Bai san raɓar da ke taruwa a jikin ledar tana iya taruwa a cikin na'urar ba, ruwa da lantarki kuwa ba sa ga maciji. Ƙaninsa, wanda ake yi wa dariya, murafun lemon kwalba huɗu kawai ya jera a tebur ya ɗora tasa a kai, iska na shiga ta ƙasa. Cikin duk mutanen nan, yaron nan ne ya fi fahimtar ilimin, kuma ko sisi bai kashe ba.

Editan fim na Zoo Road ba shi da lokacin wannan duka. Ya cire murfin akwatin kwamfutarsa ya jingine, ya juyo da fankar tsaye tana hura cikin kai tsaye, shi yana gefe gumi na ɗiga, furodusa na bugo waya.

Alhaji kuma ya sayi MacBook Air, yana shafa ta yana cewa, "Tawa ko tari ba ta yi." Gaskiya ne, ranka ya daɗe, tun samfurin 2020 mai M1 babu fanka a cikinta sam. In ta ɗau zafi rage gudu take yi a ɓoye. Alhaji bai taɓa lura ba, don aikin da ya fi ba ta shi ne duba hotunan biki.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Mai Murna. Wata da watanni fankarsa na gurnani, ran nan ya kunna ya ji tsit. Ya yi hamdala, ya sanar da mutanen gida cewa ta warke da kanta. Fankar mutuwa ta yi. Furosesa in ta doshi digiri 100 tana rage wa kanta gudu, in abin ya ƙi ta kashe na'urar gaba ɗaya, shi ya sa yanzu laftof ɗin ke ɗaukewa ana tsakiyar aiki. Ya ce sammu ne, kuma yana da wanda yake zargi.

Mai karatu, na san ka ga maƙwabcinka a nan, ba ka ga kanka ba. Ba komai. Ka dai sauke ta daga kan katifa, ka kai a buɗe a share ta da zarar hunturu ya wuce, kafin zafin Maris ya shigo. In kuma ta yi shiru farat ɗaya, ka kara tafin hannu a kafar iska. Ba ka ji hucin komai ba, kashe ta ka nufi Farm Centre.