Rigar da Ta Tsaya da Ƙafarta

Naira ɗari biyu ce ta jawo mini. Na je karɓar kayana wurin Baba mai wanki da guga na bakin layinmu, sai ya ce daga yau kowace shadda an ƙara mata ɗari biyu, kuɗin sitaci. Na tambaye shi da me ake yin sitacin. Ya ce da rogo. Na ce, "Rogo dai, wanda yara ke talla da garin ƙuli?" Ya ce, "Shi fa, Malam."

Na dawo gida ina huci. A ce Najeriya, wadda ta fi kowace ƙasa noman rogo a duniya, tan miliyan 60 ko kusa da haka duk shekara, amma ni da nake da fegi a bayan gari ina sayen ruwansa? Na karanta wa uwargida lacca: yadda Turawan Fotugal suka kawo rogo daga Birazil, yadda Obasanjo ya ƙaddamar da shirin rogo a 2002, yadda masana a cibiyar IITA ta Ibadan ke yaba wani iri mai suna TME 419 saboda yawan sitacinsa. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "To Malam, kai wane iri za ka shuka?" Wanda na samu, mana. Wani abokin aikina ne ya ba ni damin itace uku kyauta, shi ma bai san sunan irin ba.

A watan Yuli na yi huɗa, na daddatsa itacen kamu guda-guda, na bi kunya ina cusawa. Wani dattijo mai gona kusa da ni ya daɗe yana kallo, ya jingina da fartanyarsa. Can ya ce, "Malam, a lahira kake so ya tofo?" Ashe itacen rogo yana da ido, kuma idon sama yake kallo. Ni kuwa rabi na kifa su. Na wuni ina zarewa ina juyawa. Abin da ya rage, gara ta ɗauki zakkarta, awakin unguwa suka ɗauki tasu, gafiya kuma ta jira sai da ya yi saiwa.

Wata goma sha ɗaya cif, ana saura kwana biyar Babbar Sallah, na ɗauki yara biyu muka tone gonar kakaf a yini ɗaya. Buhu uku. Dattijon nan ya sake leƙowa ya ce, "Duka ka tone? Ai rogo ba shi da rumbu sai ƙasa." Ban gane ba sai bayan kwana biyu, da na fasa wani na ga zane-zane baƙi-baƙi sun ratsa cikinsa kamar an yi masa shasshawa. Rogo ba hatsi ba ne. Da ka raba shi da ƙasa, kwana biyu zuwa uku ya fara lalacewa.

Mai injin markaɗe ya dubi buhunana, ya dubi layin bokitan tattasai da tumatir na matan unguwa, ya ce sai bayan Sallah. Na dawo na fasa gwangwanin madara, na huhhuda shi da ƙusa, na yi magogi. Duk wanda bai taɓa goga rogo da hannu ba, kada ya ce ya san tsawon dare. Ka ɓare, ka wanke, ka goga, magogin ya haɗa da fatar yatsunka. Yaran da na yi wa alkawarin goron Sallah mai tsoka suka tuna suna da hadda.

Sai ruwa. Wannan ne ba wanda ya faɗa mini. Sitaci wanke shi ake yi daga cikin gogaggen rogo: ka zuba ruwa, ka cuɗa, ka matse a ƙyallen tata, ka sake, har sai ruwan ya daina fita fari. Kura huɗu ɗan garuwa ya kawo, yana tambaya ko suna za mu yi. Na jera baho biyar a tsakar gida don farin ya kwanta a ƙasa.

Da asuba na fito na tarar da ragon layyata ya tsinke igiya, yana shirin tsoma baki a baho mafi girma. Ruwan rogo kuwa, musamman mai ɗaci, yana ɗauke da gubar sayanayid, kuma yana kashe dabba. Na tuna kuɗin ragon, na yi kukan kura. Ragon ya goce. Ni ban goce ba. Na tashi fari fat tun daga gemu har idon sawu, bahon ya kife, aikin dare guda ya bi makwarara. Uwargida ta leƙo ta taga ta ce, "Sannu, Malam. An fara da kai ke nan."

A lissafin masana, kilo huɗu zuwa biyar na ɗanyen rogo ke ba da kilo ɗaya na sitaci, don mafi yawan saiwar ruwa ce. A nawa lissafin, buhu uku sun ba da kwano biyu. Kallon kitse na yi wa rogo, ba ƙarin gishiri. Ga hadari ya ƙi barin rana ta fito, sai abin da na shanya ya fara wani tsami-tsami. Na ce guga za ta kore shi.

Daren Sallah na ce ni zan sa wa babbar rigata sitacin da kaina. Uwargida ta ce cokali uku ya isa: a dama da ruwan sanyi, a sheƙa tafasasshe har ya yi garai-garai, a sirka. Na ce wannan awon masu saye ne, mu masu gona ba ma ƙwauro. Na juye rabin kwano.

Da safe rigar ba ta buƙaci maratayi ba. Na tsayar da ita a tsakar ɗaki, ta tsaya. Shiga na yi cikinta kamar mai shiga rumfa. Ina tafiya tana ƙara irin ta kwanon rufi idan iska ta taso, hannuwana a buɗe kamar shaho zai sauka. A filin Idi mutane suka yi ta ba ni wuri, na ɗauka girmamawa ce, sai da na lura da ƙudajen da suka rako ni. Wani yaro ya ce wa ubansa, "Baba, wa ya zo da koko?"

Ana cikin huɗuba aka fara yayyafi. Rigar da ta ƙi lanƙwasa ta saki jiki gaba ɗaya, ta koma kunu. Da na miƙe, tabarmata ta miƙe tare da ni. Wani bawan Allah ya taimaka ya ɓamɓare ta daga baya, yana ta cewa, "Yi haƙuri, Alhaji, kada ka motsa." Na iso gida da yashi, da ganyen darbejiya, da ledar alewa guda a kafaɗa.

Bayan Sallah na kai wa Baba mai wanki rigar a cikin baƙar leda, da magariba. Ya zaro ta, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa wuyan da ɗan yatsa.

"Malam, wannan sai an jiƙa ta kwana biyu. Cirewa ɗari biyar ne."

Na ce to.

"In an gama a sa mata sitaci?"

Na ce a sa. Ya ce ai tun bayan azumi ya koma ɗari uku.