Baƙon Zamani da Cajarsa

A da, idan baƙo ya yi sallama, sai a shimfiɗa masa tabarma, a miƙa masa ruwan randa, sannan a shiga gaisuwa: ina gajiya, ya hanya, ya aka baro mutanen gida. Baƙon yanzu tun bai cire takalmi ba idonsa ke bin bango kamar ƙadangare. Kana ce masa "Sannu da zuwa," yana ce maka "Yauwa, kuna da wuta kuwa?" Kafin ka amsa ya riga ya zaro caja daga aljihun riga, ya durƙusa bayan kujera yana laluben soket. Sai wayar ta yi ƙara alamar ta kama, sannan hankalinsa ya dawo jikinsa, ya tuna ashe gaisuwar rasuwa ya zo.

Ba na ganin laifinsa sosai, don ni ma ɗan gari ne. A unguwarmu idan aka kawo wuta, ihun yara ne ke sanar da kowa, sai gida ya rikice kamar an buɗe ƙofar kurkuku. Soket ɗaya, waya bakwai, kowa da hujjarsa. Kawuna shi ne sarkin wannan fage. Zai zo ya tarar da tawa tana kashi 23, tasa tana kashi 71, ya zare tawa a nutse ya jona tasa. Idan na yi magana sai ya ce, "Kai yaro, wa ke kiranka in ba 'yan kallon ƙwallo ba? Ni ina jiran kiran Alhaji." Shekara uku ke nan Alhajin bai kira ba.

Kawu yana cikin ɗariƙar 'yan ɗari bisa ɗari. Su waɗannan, ko motar ƙarshe ce za ta tashi a tasha, matuƙar waya na kan 99 ba za su motsa ba. Su tsaya a kanta suna kallo kamar mai jiran tukunya ta tafasa. Kishiyarsu ita ce ɗariƙar 'yan kashi ɗaya, wadda ƙanina ke yi wa limanci. Shi sai wayar ta yi ja, ta yi gargaɗi sau biyu, ta dushe fuska, yana nan yana kallon TikTok, har ta ɗauke numfashi a hannunsa. Sannan ya miƙe yana salati, yana tambayar wa ya ga cajarsa. Abin mamaki, ɗariƙun biyu ba sa ga maciji da juna, amma hannu ɗaya suke haɗawa wajen kashe batir.

Batirin wayar zamani na sinadarin litiyom ne, irin wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991. Mutum uku da suka yi aikin ƙirƙiro shi, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, sun karɓi kyautar Nobel a 2019, Goodenough yana da shekara 97 a lokacin, wato shi ya fi duk batiran da ya ƙirƙira daɗewa. Halin wannan batir irin na dattijo mai gyambon ciki ne: yunwa na wahalar da shi, ƙoshin da ya wuce kima ma haka. Idan ya cika maƙil, ƙarfin wutar da ke cikinsa yana kan ƙololuwa, sinadaran suna tsufa da sauri. Idan ya sauka har ƙasa, nan ma ya sha wuya. Inda ya fi sakewa shi ne tsakanin kashi 20 da 80. Shi ya sa sababbin iPhone da Samsung suka zo da wurin da za ka danna ka ce caji ya tsaya a 80. Na nuna wa Kawu wannan, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Wato in sayi buhu cike, in ce a auna mini rabi?"

Gwaggo kuwa tata fatawar daban ce. Ita ta rantse sabuwar waya sai ta kwana a wuta awa takwas kafin a taɓa ta, kuma ba a jona waya sai ta mutu murus, in ba haka ba batir zai "saba". Gaskiya ce ta riƙe, sai dai gaskiyar ta tsufa. A farkon zuwan wayar salula Nijeriya a 2001, zamanin Nokia 3310, batiran nikel ne ke yawo, su ne aka sani da wannan shawarar. Kiɗa ya canza, Gwaggo tana nan tana tsohuwar rawa. Batirin litiyom bai damu da sau nawa ka jona shi ba. Lissafinsa na jimla ne: ka sha rabi yau, ka sha rabi gobe, zagaye ɗaya ke nan. Apple ya ce batirin iPhone 14 da na gabanta an yi shi ne ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan zagaye 500. Mai ƙarar da caji kullum, ya lissafa da kansa, bai kai shekara ɗaya da rabi ba.

To amma a faɗi gaskiya, wanda ya tsara dokar 20 zuwa 80 bai taɓa biyan mai caji kuɗi ba. Ka kai waya rumfa, janareta na ruri, an liƙa mata lamba da salatif, ka biya kuɗinka, sannan a ce ka karɓe ta a kashi 80? Ko wanda bai san ranar da wuta za ta dawo ba, ka ce masa ya zare a 80 don lafiyar batir, ai sai ya ce lafiyar taka ce ke buƙatar dubawa. Wannan uzuri na karɓa.

Wanda ban karɓa ba shi ne na zafi, don shi ne babban makashin, kuma shi yana hannunmu. Masu ƙera waya sun ce zafin da ya wuce digiri 35 yana lalata batir lalacewar da ba ta gyaruwa. Kano da Sakkwato da Maiduguri a watan Afrilu suna haura 40 ba tare da neman izinin kowa ba. A cikin wannan yanayi ne direba zai ajiye waya a gaban gilashin mota, rana na dukanta, caja na jone, taswira na aiki. A cikinsa ne budurwa za ta jona waya, ta tura ta ƙarƙashin filo da rigarta ta roba mai kauri, ta kwana a kai kamar kaza kan ƙwai, don kada wani ya leƙa saƙo. A cikinsa ne ƙanina ke buga wasan ƙwallo waya na caji, tana zafi har sai ya riƙa sauya hannu kamar mai cin dankali daga wuta. Mun gaji shanya batirin rediyo a rana da cizonsa don ya ƙara kwana, muna zaton wannan ma haka yake.

Sai kuma caja mai arha ta bakin titi, wadda sai an naɗe igiyarta, an ɗora mata dutse, an karkata wayar gabas kafin ta kama. Mutum ya sayi waya da kuɗin da zai sayi ɗan maraƙi, amma a kan caja zai tsaya ciniki har la'asar.

Makon jiya bayan wayar Kawu ya ɗaga, batir ya kumbura kamar fanke. Na ce masa, "Kawu, wannan fa ba a ci gaba da jona ta, tana iya kamawa da wuta, a kai wa mai gyara ya canza." Ya juya ta a hannu, ya danna bayan da babban yatsa, ya ɗauko kyauron roba ya ɗaure. Ya ce ai alamar ta ƙoshi ce. Sannan ya zare tawa, tana kashi 19, ya jona tasa.