Jama'ar "Bana Kam"

Bature ranar ɗaukar alwashinsa ɗaya ce tak, 1 ga Janairu. In ya karya, sai ya haƙura har baɗi. Mu kuwa Allah ya yalwata mana. Ga Janairun, wadda kuɗin haya da kuɗin makaranta suke bi. Ga 1 ga Muharram, wadda jihohi irin su Kano da Jigawa da Sakkwato har hutu suke bayarwa saboda ita. Ga daren da aka ga watan azumi, lokacin da gari yake tuba baki ɗaya. Sannan ga "bayan Sallah" har guda biyu, ƙarama da babba. Da yake shekarar Hijira kwana 354 ce, tana gaza ta Bature da kamar kwana 11, ranakun nan ba sa zama wuri ɗaya, kullum matsowa suke yi. Da wuya mutum ya daɗe bai hango wata mafara a gabansa ba.

Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan yalwa shi ne mai jiran ranar da ta dace. Shi bai taɓa karya alwashi ba, domin bai taɓa farawa ba. A Janairu ya ƙudurta zai riƙa sassarfa da asuba, sai ya leƙo ya ga hazo ya rufe gari, hunturu yana tsaga leɓe. "Bari sanyin nan ya wuce, kada garin neman lafiya a samo mura." Sanyi ya wuce, Afrilu ta zo da zafin da ke haura 40 a ma'auni. "Haba, a wannan ranar? So kake a kwashe ni?" Damina ta faɗi, hanya duk taɓo. Da kaka ta yi kuma bukukuwa sun taso, ba ya yiwuwa a gayyace ka ka ƙi cin abincin mutane. Ko a cikin mako ba ya farawa ranar Laraba, sai Litinin; in Litinin ta kuɓuce masa, makon ya lalace ke nan. Muharram ce ya fi ƙauna. Yana cewa daga sabuwar shekarar Musulunci zai rage ci, sai a tuna masa cewa daren cika-ciki na tafe, an ajiye wutsiyar ragon layya tun Babbar Sallah. Al'adar iyaye da kakanni kuwa ba shi zai fara kashe ta ba.

Maƙwabcinsa shi ne sarkin shela. Tun daren 31 ga Disamba ya ɗora a WhatsApp da Facebook cewa bana sabon mutum za a gani. Da safe ya bi majalisa ya sanar: ya bar lemon kwalba, ya bar goro, ya bar hirar bayan isha'i. Kuskurensa ke nan, don majalisa ba ta son a fi ta. Ba wanda zai yi masa musu. Za a ce, "Madalla, Allah ya ba da iko," sannan a aiki yaro ya sayo tsire mai zafi, a buɗe takardar daidai gabansa. "Alhaji, sa hannu mana. Ai yau ɗaya ba ta kisa." Kafin wata ya raba ya dawo gurbinsa a kan tabarma, kuma an samu abin tsokanarsa har ƙarshen shekara.

Sai mai sayayya. Shi a ganinsa lafiya a kasuwa ake samunta. Ya shiga Sabon Gari ya ɗauko kambas fari fat, da riga da wando na 'yan wasa, da gorar ruwa mai hannu, da agogon da ke ƙirga taku. Mai hali har keken motsa jiki yake sa a kawo masa gida, a kafa a falo, yara su yi layi suna kallo. Mako na farko ana jin ƙararsa tun daga zaure. Daga nan sai a rataya masa babbar riga "na ɗan lokaci", sai hula ta biyo, sai uwargida ta gano cewa babu abin da ya kai shi daɗin shanya tawul.

Agogon ne ma ya fi ban dariya. An ce masa taku 10,000 ake so kullum, ya riƙe adadin kamar farilla, alhali asalinsa tallan wata na'urar ƙirga taku ce da aka yi a Japan a shekarun 1960. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta nema a wurin baligi shi ne aƙalla minti 150 a mako na motsi matsakaici, wato tafiyar sauri ta rabin awa sau biyar, wadda silifas ma ya isa. Amma mutuminmu ya gano wani sirri: in ya shiga A Daidaita Sahu aka bi hanya mai ramuka, agogon yana lissafa kowace girgiza. Da magariba sai ya nuna maka hannu yana murmushi, wai yau ya yi taku 8,000 daga gida zuwa kasuwa.

Akwai kuma mufti, wanda yake kafa doka da safe ya nemo mata rangwame da yamma. Likita ya ce sukarinsa ya fara hawa, shi kuma ya yi alwashi, kuma tsakani da Allah ya bar sukari. Yanzu zuma yake tsiyayawa a shayi, cokali uku, yana cewa ai waraka ce. Ba wanda ya musa darajar zuma, sai dai a lissafin hukumar nan ta lafiya ita ma cikin sukarin da ake ƙirgawa take, wanda aka ce kada baligi ya wuce kamar giram 50 a wuni, ƙaramin cokali 12 ke nan. Lemon kwalba ya daina, ya koma zoɓo da kunun aya, bai kuwa taɓa tambayar mai haɗawa gwangwani nawa na sukari ta juye ba. Gishiri an ce kada ya kai giram 5 a rana, sai ya hana a sa a miya, aka ninka ɗanɗano, wanda shi ma rabinsa ko fiye gishirin ne. Goro ba ya saye, ɓari kawai yake karɓa a hannun mutane, kuma a mazhabarsa abin da aka ba ka kyauta ba ya shiga lissafi. In ka matsa masa sai ya ce, "Malam, rai dai na Allah ne. Kakana da man shanu ya rayu har ya ga tattaɓa-kunne." Abin da ba ya faɗa shi ne kakan nan a ƙafa yake zuwa gona, ya wuni a duƙe da fartanya.

A ɓangaren ibada, wanda ya fi ba ni tausayi, kuma na fi so, shi ne ma'abocin Baƙara. Kowace shekara yana niyyar saukar Alƙur'ani, kuma lissafinsa ba shi da aibu. Bugun Madina shafi 604 ne, izu 60, kowane izu kamar shafi 10. Shafi biyu bayan kowace salla, izu guda ke nan a rana, wata biyu an sauke, a shekara sau shida. Har a takarda ya rubuta ya liƙa a bayan ƙofa. Ranar farko ya yi izu biyu don zumuɗi. Rana ta huɗu baƙo ya zo bayan la'asar, ya ce zai rama da dare, dare kuma aka ɗauke wuta. Washegari bashin ya zama shafi 14, jibi 24, kuma tunda bashi ya taru sai ya fara jin nauyin kallon inda ya ajiye Alƙur'anin. Baƙara ita ce sura mafi tsawo, aya 286, ta cinye kusan izu biyar, kuma a cikinta yawancin irinsa suke yada zango. In shekara ta zagayo ba ya ɗorawa daga inda ya tsaya. A'a, sabuwar shekara sai sabon farawa. Ɗauki Alƙur'aninsa ka duba gefen takardun: na farkon sun yi duhu da shafar yatsa, sauran suna nan fes yadda suka fito daga shago. Labarin saniyar Bani Isra'ila kuwa, ko cikin barci ka tashe shi zai kawo maka.

Ba na yi masa dariya da yawa. Mutumin da ya shekara goma yana komawa ƙofa ɗaya yana ƙwanƙwasawa bai rabu da gidan ba. Da zai yarda ya bar alamar karatunsa inda take, ya ci gaba a Ali Imrana ko da a watan Yuli ne, da tuni ya sauke. Yana da ɗan'uwa a Kafanchan ko Jos, wanda ya fito daga addu'ar daren shiga sabuwar shekara da niyyar karance Littafi Mai Tsarki, sura 1,189, uku zuwa huɗu a rana. Farawa da Fitowa suna tafiya sumul, labari ne ke jan labari. Yana shiga Littafin Firistoci, da dokokin hadaya da na tsarki, sai hamma ta kama shi. Da su biyun za su zauna kan benci ɗaya, da sun fahimci juna ba tare da dogon bayani ba.

'Yan goman farko na azumi ba sai an bayyana su ba, kowa ya ga yadda sahun tarawihi yake fita har titi a daren farko, ya kuma ga yadda yake komawa ciki lokacin da hankali ya tafi wurin tela. Na fi sha'awar mai Sitta Shawwal. Washegarin Sallah ya ce a bari a gama yawon gaisuwa. Mako na biyu akwai ɗaurin aure. Yana nan yana ƙirga kwanaki da yatsa har 25 ga wata, ranar da in bai ɗauka ba shida ba za su shiga ba, sannan ya tashi gidan duka da neman sahur, yana addu'a Allah ya sa watan ya cika 30.

Fagen sha'awa kuma yana da gwaninsa, mai sabon buri duk shekara. Bara waccan tattabaru ne, ya buga musu akurki a kan soro, suka tashi suka koma gidan wanda ya sayar masa. Bara kifin tarwaɗa ne a tankin roba, har ya fara lissafin ribar da zai kai Makka da ita, kafin ya ji kuɗin buhun abincinsu. Bana lambu ne a buhunan siminti, tumatir da latas, akuyar maƙwabta ta riga shi girbi. A wayarsa akwai manhajar koyon Larabci da ta Faransanci, kullum suna aiko masa saƙon tuni yana sharewa. Abin da ya iya bai wuce gaisuwa ba, ita ma wani direban Maraɗi ya gyara masa. Ya sayi Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, littafi na ɗaya zuwa na uku, wai zai riƙa karanta wa yara bayan isha'i don a rage kallon waya. Dare biyu aka yi. A na uku yaran suka same shi littafi a ƙirji, waya a hannu, yana dariyar wani abu a TikTok. Ƙaninsa kuwa duk ƙarshen kakar wasa yake rantsuwa ya bar kallon ƙwallo, ya gaji da ƙungiyar da ke sa masa hawan jini. A Agusta shi ne a bencin gaba a gidan kallo, yana cewa bana sun sayi 'yan wasa.

Kada a manta da mai ɗaukar wa wasu alwashi. Maigida ne zai tara iyali ya ce daga yau gidan nan an daina soye-soye, an daina shayi mai kauri, kowa zai tashi kafin kiran assalatu. Ya kafa dokar ya fita, a waje ya karya da ƙosai da waina wurin mai tuya, da rana ya leƙa wurin mai balangu. Gida ne ke cin dafaffen ganye. Uwargida ma tana da nata salon: "Alhaji, bana fa za mu rage tumbin nan." Wannan "mu" ɗin mutum ɗaya take nufi, kuma tuni an rage masa malmala.

To wa yake cikawa? In ka fita bayan asuba wajen Filin Sukuwa a Kano, ko Dandalin Murtala a Kaduna, za ka ga dattawa uku-uku, huɗu-huɗu suna tafiya cikin jallabiya, wani da carbi a hannu, suna gardamar siyasa. Yawancinsu ba a Janairu suka fara ba, likita ne ya nuna musu wata lamba a takarda suka tsorata. Abin da ya riƙe su kuma kunya ce: akwai wanda zai tsaya a ƙofar gida yana sallama, kuma ba a cewa aboki ya koma. Haka matan da suka sauke a Islamiyyar matan aure, malama ce ke jiran hadda ranar Asabar, ga idon 'yan aji. Alwashin da ba mai jiransa sai takardar bayan ƙofa, shi ne yake mutuwa da wuri.

Sai dai cikawar ma tana da nata bala'in, wato wanda ya yi nasara ya hana kowa sakat. Ya sauke kilo 12, an rage masa wuyan riga, shi ke nan ya zama likitan unguwa. Ka ɗaga kofin shayi, ya tambaye ka ƙwaya nawa ka jefa. Ka ce masa "ina kwana", ya gaya maka awon jininsa na safiyar nan, na sama da na ƙasa. A wurin walima yana zagaya faranti da ido yana girgiza kai. Majalisar da ta yi masa dariya a Janairu yanzu in an hango shi tafe sai a tura ledar tsire ƙarƙashin tabarma. Ba su haƙura ba dai. An ji ɗaya daga cikinsu yana cewa ɗaurin auren 'yarsa na nan tafe bayan Sallah, ya riga ya yi magana da mai dambun nama, kuma shi da kansa zai zaɓa wa mutumin wurin zama.