Mutanen da Akwatin Gyaran Sauti Ya Tona wa Asiri

Tun da kamfanin Linkplay ya cika kasuwa da 'yan akwatunan WiiM, waɗanda wasunsu ba su kai dala 200 ba, gyaran sautin ɗaki ya daina zama harkar attajirai kaɗai. Aikin ba wuya. Ka zauna inda ka saba zama, ka riƙe waya saitin kunnenka, lasifikoki biyu su ja wani dogon kuka daga ƙasa har sama, manhaja ta saurara, ta rage amon da bango ke kumburawa. Shi ke nan. To amma wa ya taɓa ganin ɗan Adam ya tsaya a shi ke nan?

Akwai Malam Awo. Shi bai yarda da makirufon waya ba, sai da ya yo odar UMIK-1 na kamfanin miniDSP, ya sauke manhajar REW a kwamfuta tunda kyauta ce. Daga ranar waƙa ta yi hijira daga gidansa. In ka je ziyara, maimakon ya sa maka Shata, sai ya buɗe maka zane mai tudu da kwari yana ta bayani. A kashe fanka, a cire firji, yara kada wanda ya yi tari. Maƙwabta kuwa sun gaji da leƙowa neman motar asibitin da ke jiniya kullum dare.

Kishiyarsa shi ne Alhaji Kunnen Gado, wanda ya rantse duk sautin da lissafi ya taɓa ya mutu. Kuɗin kebul ɗin da ya haɗa lasifika da shi ya ninka na akwatin. Falonsa tayil ne da gilashi da bango tsirara, in ka tafa hannu sai ɗakin ya amsa maka. Shi wannan yake kira armashi.

Wanda ya fi ba ni tausayi dai Cike-Rami ne. Sauti na gudun kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka a falo mai tsawon mita 5, amon da ke wajen Hz 34 yana kai da komo tsakanin bango da bango. A jikin bango yana taruwa ya yi gunji, a tsakiyar ɗaki kuma mai tafiya da mai dawowa su kashe juna. Gunjin nan akwati na iya rage shi lafiya lau. Ramin ne ba ya cikuwa, domin duk abin da ka ƙara wa mai tafiya, ka ƙara wa mai dawowa. Cike-Rami bai ji ba. Ya ɗaga dB 6, wato ya ninka wa amfilifaya aiki sau huɗu, yana ta ɗiban ruwa da kwando har lasifika ta fara ƙauri. Maganin shi ne ya ja kujerarsa taku biyu baya. Ba zai ja ba, wai nan ne saitin talabijin.

Sarkin Bes kuwa ya shekara goma yana jin gunjin bango a matsayin kiɗa. Ana gyarawa ya ce an sace masa ganga, ya kashe gyaran, ya koma gidan jiya.

Sai Miƙe-Layi, mai son zanen ya miƙe sambal har Hz 20,000, alhali masana irin su Floyd Toole sun daɗe suna cewa amfanin irin wannan gyara yana ƙasa ne, inda ɗaki ke mulki, kusan Hz 300 zuwa ƙasa. Layinsa ya yi kyau, muryar mawaƙi kuma ta koma ta mai mura.

Duk cikinsu babu wanda ya kai Hajiya, wadda ba ta san sunan akwatin ba. Ana jibi Sallah ta shimfiɗa kafet, ta rataya labule mai kauri, ta sauya wa kujeru wuri. Amsa-kuwwa ta ragu, awon maigida na wata guda kuma ya tashi a banza. In za ka sayi akwatin, saya, yana aikinsa. Amma ka bari Hajiya ta gama shirya falo kafin ka auna.