Ni da Notin Keken Dutse

Tun ranar da na sayo keken nan a hannun wani ɗan gwanjo a Jos, uwargida ta raɗa masa suna Kishiya. Keken hawan dutse ne, mai shokozoba gaba da baya, wai don in riƙa zuwa duwatsun Shere ranar Asabar in rage tumbi. Sau biyu na je. A na biyun ya soma kuka ta baya, ƙiiƙ, ƙiiƙ, sai ka ce tsohon gadon ƙarfe.

Na duƙa na duba. Tsakanin ƙafar baya da shokozoba akwai wasu 'yan hannuwa na alminiyam da ke lilo a kan boris, dogon noti ya ratsa su. Na ce ai wannan aikin minti goma ne, a kwance, a shafa giris, a mayar. Na zura alanki. Ya shiga, amma yana ɗan rawa. Ashe ramin na milimita 5 ne, alankina kuwa na awon inci ne, 3/16, wanda ya gaza biyar da ɗan ƙiris. Na murɗa, shiru. Na cusa wutsiyar alankin cikin bututun famfo, na yi bisimilla, na hau da duk nauyin tumbin da nake son ragewa. Sai na ji ya tafi sululu. Kafin in rufe baki da hamdala na tsinci kaina a ƙasa, gwiwar hannu cikin bahon wanki. Noti yana nan daram. Ramin nan mai kusurwa shida ne ya koma sumul kamar bakin kwalba.

A layinmu ba a barin mutum ya sha wahala shi kaɗai. Maƙwabcina ya leƙo ta katanga ya ce kananzir. Mai shago ya rantse Coca-Cola ce maganin tsatsa. Wani direba ya ce baƙin mai. Don kada ran kowa ya ɓaci na zuba duka, na fesa WD-40 a kai, na bar shi ya kwana. Da safe kiyashi kaɗai suka amfana.

Sai na koma neman ilimi a waya. Wai ƙarfe da alminiyam in suka daɗe manne cikin danshi, wani farin gari kan tsiro tsakaninsu ya cika gurbin ya ƙanƙame. Ga kuma shuɗin gam da kamfani ke ɗigawa a tiredi, wanda zafi ke sassautawa. Alminiyam kuwa in ya ji zafi yakan buɗe kusan ninki biyu na ƙarfe. Nan take na ji ni injiniya. Na tafasa ruwa a butar shayin uwargida na kwarara. Rabi ya sauka a keke, rabi a cikin silifas ɗina. Rawar da na taka a tsakar gida, yara har yau suna kwaikwayonta.

Rana ta uku na turo shi wurin wani dattijo da ya tsufa a gyaran Raleigh da Phoenix. Ya ƙura wa ramin ido.

"Malam, wa ya yi maka wannan aika-aika?"

"Yara ne, Baba."

"To, Allah ya raya. Yaran nan akwai ƙarfi."

Ya juya keken ɗaya gefen, inda ko sau ɗaya ban leƙa ba, ya sa tsinke ya kankare busasshiyar laka. Sai ga wani ɗan mitsitsin noti ya bayyana, wanda aikinsa kawai ya kulle babban. Da yatsa biyu ya kwance shi. Sannan ya ɗauko wani kai mai bakin tauraro, ya buga shi da guduma cikin ramin da "yara" suka cinye har ya kama, ya murɗa a hankali. Noti ya fito salin-alin.

"Kwana uku kana dukan ƙofa, sakata na ciki," in ji shi, yana goge hannu da tsumma.

Aka wanke boris, aka cika giris, na biya har da na goro, na hau ina jin kaina. Ban kai kwana ta biyu ba na ji ƙiiƙ. Na miƙe a kan feda, shiru. Na zauna, ƙiiƙ. Na sake miƙewa, shiru. Sirdi ne.

A tsaye na shigo layinmu, cinyoyi na karkarwa, ina ɗaga wa mai shago hannu. Uwargida na bakin ƙofa riƙe da butarta.

"Maigida, Kishiya ta warke?"

"Garas," na ce, na wuce ta ban zauna ba.