Sarkin Ingila a Murfin Kwanon Adda

Ranar Talata, ko hantsi bai yi ba, Hamma ya yi sallama a ƙofar gidana. Hamma yayan matata ne, wato irin mutumin da ko ƙafata ya taka, ni zan ce masa sannu. Na fito ina gyara zaman hula, zuciyata na raya mini cewa yau dai naira dubu arba'in ɗin nan da ya ranta tun kafin azumin bara sun tuna hanyar gida. Muka gaisa. Ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi zafi. Daga nan ya sassauta murya kamar mai shirin faɗa mini wanda za a ba kwamishina, ya ce an tsegunta masa wani tsoho a Mutum Biyu da ke da anini na shekarar 1936. Ko motata tana da mai?

Tana da shi. Jiya-jiya na sha, da kuɗin da na yi niyyar sayen doyar Zing.

Kowace majalisa a Jalingo tana da irin Hamma. Wani tattabaru ne nasa, wani tsofaffin kasakasan Shata da Ɗanmaraya alhali ko rikodar da zai saka su ba shi da ita, wani kuma rediyo goma sha ya tara, amma labarun BBC a wayar ɗansa yake ji. Namu tsofaffin kuɗi ne: sule, sisi, taro, kwabo mai huji. Shekara uku cur ya yi yana neman kwabon 1936. Babbar kasuwa, Kasuwar Bera, Mile Six, Iware, Lau, babu inda bai sa ƙafa ba. 'Yan jari bola sun riƙe lambarsa fiye da yadda 'ya'yansa suka riƙe ta. Tsohuwa ba ta rasuwa a Sintali ko Magami Hamma bai je ta'aziyya ba, ko ya san ta ko bai san ta ba. Ya yi addu'a da kyau, ya shafa, sannan ya karkata wajen babban ɗa ya tambaya a hankali ko an riga an buɗe adakar marigayiya.

Dalilin 1936 kuwa, duk ɗan majalisarmu ya haddace shi kamar karatun allo. Edward na Takwas ya hau gadon sarautar Ingila a watan Janairu, ya sauka a Disamba, saboda wata bazawara 'yar Amurka, Wallis Simpson, da aka ce ba zai aura yana kan mulki ba. A can Ingila kuɗi mai sunansa bai taɓa shiga hannun jama'a ba. Amma mu nan Afirka ta Yamma, da yake ba a buƙatar hoton fuska a kan kwabo mai huji, an riga an buga an rarraba. Tauraro mai tsini shida a baya, kambi da rubutun Larabci a gaba, sunan sarki ya kewaye ramin. Sarkin da bai cika shekara ba, amma ya sayi ƙosai a ƙasar Muri.

Ranar da ya samu kwabon, ni shaida ne. A hankici ya naɗo shi, ya sa a ambulan, ya sa ambulan a aljihun ciki. Wanda ya ci gyaɗa bai taɓa ba sai ya wanke hannu. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Kwana uku ana kallo, mai shayi ma ya bar tukunyarsa ya leƙo. A rana ta huɗu Hamma ya jefa shi a gwangwanin Bournvita, ya tura ƙarƙashin gado, ya dawo majalisa ya zauna jugum, kamar alhajin da 'yan sannu da zuwa suka ɗauke masa ƙafa. Mako biyu ba ya magana. Har mun fara tunanin ko hawan jini ne. Sai da wani ya yi suɓul da baka ya ce ai akwai anini ma na shekarar, sannan jini ya dawo masa fuska.

To, mun je Mutum Biyu. Tsohon ya yi mana shimfiɗa, ya shiga ɗaki ya daɗe, ya fito da kwabo ɗaya na 1973, wanda ko ni ina da irinsa a tsohuwar jakar makaranta. Ni na ji kamar in yi kuka. Hamma kuwa murna yake yi a mota, wai tsohon ya ce yana da aboki a Garba Chede.

La'asar sakaliya muka iso gidansa. Matarsa Adda ta aiko mana da tuwon masara da miyar kuka a kwanon samira. Na ɗaga murfin miya na kifar da shi a kan tabarma, sai na ga tauraro mai tsini shida yana kallona, yana zufa. Na goge da yatsa. 1936.

Adda daga bakin ƙofa ta yi bayani, ko a jikinta. Mariƙin murfin ne ya yi ta girgiɗi, ramin ya buɗe, noti yana zurmawa. Yaro ya ce wosha ake buƙata. Ta duba gwangwanin Alhaji ta ga wata mai kyau, ba ta tsatsa, ramin kamar an auna. Yaushe? Ai tun kafin damina. Wata takwas ke nan.

Wata takwas. Na zauna na buga lissafi, domin mai bin suruki bashi ba shi da aikin da ya wuce lissafi. Rana da dare, sau biyu kullum, Hamma ya ɗaga murfin nan da hannunsa kusan sau 480. Ya kife shi kusa da gwiwarsa. Ya sha ɗora ƙashin kifi a kansa. Ko sau ɗaya bai ce wannan wosha ta yi kama da wani da na sani ba, ko sau ɗaya kuma bai jawo gwangwanin ya ga ko baƙonsa yana nan ba. Mutumin da zai hango kwabo a cikin tarin shara daga tsallaken Hammaruwa Way, yana cikin keke, da hazo.

Shi kuma sarki ya sha turiri. An rubuta a jikin kwabon da Latin cewa shi ne sarki kuma mai mulkin Indiya. Yanzu an ƙara masa da sarautar kuka, kuɓewa, yakuwa da taushe, ranar Juma'a kuma kifin Binuwai. Daddawa ta shiga kowane harafi na sunansa. Ya ƙi fadar Buckingham saboda mace, ga shi wata macen ta ɗaure shi da noti, ta naɗa shi mai gadin miya, ba albashi ba fansho. Kullum da safe a dirje shi da toka da soso. In gaskiya ake so, tunda aka daina karɓarsa a kasuwa bai taɓa yin aikin kirki irin na wata takwas ɗin nan ba, kuma bai taɓa ƙyalli haka ba. Adda ta ƙara da cewa ita ba ta ga abin mamaki ba: lokacin da Alhaji yake nemanta, a ƙafa yake zuwa daga Sabon Gari har Nukkai cikin ruwan sama, yau kuwa in ta yi sabon lalle sai maƙwabciya ta faɗa masa. Ni dai na sunkuyar da kai. Ba a sa baki a irin wannan, musamman in tuwon bai ƙare ba.

Hamma bai rasa hujja ba. Ya kira ɗansa ya zo da waya, ya nuna mini yadda ake wannan harka a Amurka. Su can katin kwali ne mai hoton ɗan wasan besbol. Wani na Mickey Mantle, bugun kamfanin Topps na 1952, an yi gwanjonsa a watan Agustan 2022 a kan dala miliyan 12.6. Wanda ya sayar ɗin ya saye shi dala dubu 50 a 1991, shekarar da aka yanke Taraba daga Gongola. Akwai kuma na Honus Wagner, wanda a cikin kwalin sigari aka riƙa sako shi tsakanin 1909 da 1911, ya kai dala miliyan 7.25. Kwalin sigari! Mu da muka tara na Benson da Three Rings muna yara, muna kasa su kamar kuɗi, har ranar da iyayenmu mata suka hura wuta da dukiyarmu.

Amma dubi abin da suke yi da katin. A kai shi wajen masu dubawa su ba shi maki, na Mantle ya ci tara da rabi cikin goma, sannan a liƙe shi cikin roba yadda mai shi ba zai ƙara taɓa shi da yatsa ba. Ka biya miliyoyi, ka sayi abin da za ka riƙa leƙe kamar jinjiri a kwalba. Gwangwanin Bournvita ne dai, sai dai nasu ya je makaranta. Bambanci ɗaya: Ba'amurken da ya riƙe katinsa shekara 31 ya san inda ya ajiye shi. Bambanci na biyu, wanda na haɗiye saboda kunya: kwabon Edward miliyoyi aka buga, a intanet da 'yan daloli kaɗan ake sayar da shi. Dubu arba'in ɗina dai a mota da shayi da hasafin dillalai suka narke.

Kuma ni a daina yi mini wa'azin daɗin nema. Na ɗanɗana shi a farkon 2023, bayan da aka sauya fasalin ɗari biyu, ɗari biyar da dubu, aka janye tsofaffi, sababbin kuma suka zama kamar aljanu, ana labarinsu ba a ganinsu. Kuɗina ne, halak malak, waya tana nuna mini su. Amma sai in fita da asuba in bi layi a rana, a ba ni lamba a ƙyallen takarda, azahar ta yi a ce babu. In koma wajen mai POS in sayi naira da naira, in kuma yi masa godiya. Na ga dattijuwa ta kawo kaji daga ƙauye ta koma da su, domin masu saye taransifa kawai suke da ita, ita kuwa ko waya ba ta da ita. Sai da Kotun Ƙoli ta yi hukunci ranar 3 ga Maris aka fara ganin tsofaffin takardun da aka ce sun mutu suna fitowa, suna warin ajiya, muna rungumarsu. Waɗanda suka shirya abin ba su bi layi ba ko na minti ɗaya. Har yau in na ga sabuwar dubu ɗaya sai gabana ya faɗi. Kwandalolin da aka fito da su a 2007 kuwa, miƙa wa mai keke naira biyu ta ƙarfe ka ji abin da zai faɗa wa mahaifinka.

Ina nake? Murfi.

Hamma ya ɗauke shi ya juya, ya karanta shekarar, ya sa farce ya cire ɗan ɓurɓushin kuka daga tsinin tauraron. Ya nemi sukundireba. Adda ta ce babu laifi, amma kafin a kwance mata sarki a kawo wata woshar daidai ramin, wadda ba ta tsatsa, domin ita ba za ta ci miya da jan ƙarfe ba. Hamma ya ce ai wannan abu ne mai sauƙi. Ya yi shiru. Ya ce ko da yake, irin ta da, mai kauri, ba a faye samunta ba yanzu, duk ta zamani ce ta cika kasuwa. Amma ya san wani tsohon bakanike da ya yi aiki da Turawa, in yana da rai, a wajen Mayo Gwoi yake. Na ga idonsa ya kawo haske.

Ya mayar da murfin kan miya don kada ta huce, ya ce gobe in biyo masa da wuri, kuma in riƙo ko dubu biyu ce a aljihu, saboda ba a zuwa wajen tsoho hannu rabbana.