5G da Layin Caji a Dala

A 2022 kamfanin MTN ya sa Maiduguri cikin birane bakwai na farko da za su ɗanɗana 5G a Najeriya, kafaɗa da kafaɗa da Legas da Abuja da Kano. Mu a unguwar Dala ta Maiduguri a rediyo mai batir muka ji albishir ɗin, domin tun Janairun 2021 da aka fasa turakun lantarki a hanyar Damaturu, wuta ta koma baƙuwar da ba ta sallama, ba ta bankwana.

Shi ya sa babbar cibiyar kimiyyar unguwarmu ita ce rumfar mai caji: allon katako cike da soket, wayoyi rataye kamar kilishi a shanya, janareto na tari a gefe. A manna wa wayarka lamba, a ba ka 'yar takarda. Ka yar da ita, ka shiga uku.

Rannan a layin na tarar da wani saurayi yana yi wa dattijo bayanin ChatGPT.

"Baba, duk abin da ka tambaye ta sai ta amsa."

"Ikon Allah! To ɗana, tambayo mana yaushe za a kawo wuta."

Yaro ya fara latse-latse da zumuɗi. Bai kai rabin tambayar ba wayar ta ɗauke ɗif.

An dai buɗe mana tashar lantarki mai aiki da iskar gas a Maris 2023, megawat 50. Mai caji kuwa ya ƙara allo na biyu.